Tiyatar afendis a tsakiyar kakar ƙwallon jami'o'in Amurka: tambayoyi da amsoshi

Daga ƙarshen watan Agusta zuwa farkon Disamba, ranar Asabar a garuruwan jami'o'in Amurka ranar ƙwallo ce. Ba wadda muka taso da ita a gida ba, ta Amurka nake nufi, wadda ake jifa da hannu ana karo da kafaɗa. Tun 1869 jami'o'i suke karawa a wannan wasa, shekarar da Rutgers da Princeton suka fara haɗuwa, kuma yau akwai garuruwan da filin wasansu ke ɗaukar mutum sama da 100,000. 'Yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kawo nan sukan zo ba su san ko ƙa'ida ɗaya ta wasan ba, kafin shekara ta zagayo sun zama 'yan gani-kashe-ni.

Ciwon afendis kuwa ya fi kama masu shekara 10 zuwa 30, wato su dai masu cika ɓangaren ɗalibai a filin. Ina aikin jinya a sashen tiyata a ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa, ni ma ina son wasan ƙwarai, shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi mini. Duk inda maganata ta saɓa da ta likitan da ya yi maka aiki, tasa za ka bi, domin shi ya ga cikinka da idonsa.

Cikina ya fara ciwo da safiyar ranar wasa. Ta yaya zan gane afendis ne, kuma zan iya daurewa har a tashi?

Kada ka daure. Afendis wani ɗan reshen hanji ne mai toshen ƙarshe, yana maƙale da farkon babban hanji a gefen dama na mara. Idan bakinsa ya toshe sai ya kumbura, ƙwayoyin cuta su taru a ciki, jini ya daina isa bangonsa yadda ya kamata. Ciwon yakan fara a wajen cibiya, mutum ya kasa nuna takamaiman wurin, bayan wasu sa'o'i ya gangara ya tsaya a ƙasan ciki ta dama. Abinci ya fita daga rai, zuciya ta riƙa tashi, wani lokaci da ɗan zazzaɓi. Alamar da na fi so a riƙe ita ce ta motsi: in ka yi tari, ko ka taka matakala, ko mota ta faɗa rami, sai wurin ya amsa. Wanda abinci ya ɓata wa ciki yakan yi ta juye-juye yana neman sauƙi, mai afendis kuwa lafewa yake yi wuri guda, ba ya son ko a taɓa gadon.

Wasa rubu'i huɗu ne na minti 15, amma yakan ci sa'o'i uku da rabi. Haɗa da zuwa, da layin shiga, da cunkoson fita, yini ya tafi. Haɗarin fashewar afendis yana hauhawa idan ciwo ya haura kwana ɗaya da rabi, kuma mutane da yawa da suka ce mini ciwon "yau ya fara", in an bi a hankali sai a tarar tun jiya yake. Akwai kuma wani tarko: idan ciwo mai tsanani ya lafa farat ɗaya, yana yiwuwa fashewa ya yi, sauƙin na ɗan lokaci ne kafin dukan ciki ya ɗauka. Kada ka ci komai, kada ka sha maganin wankin ciki, kada ka gasa wurin da ruwan zafi. Ka nufi sashen gaggawa.

Inshorata ba ta da ƙarfi. Za su karɓe ni?

Za su karɓe ka. Akwai dokar tarayya ta 1986 da ake kira EMTALA, wadda ta wajabta wa sashen gaggawa na kusan kowane asibiti a ƙasar ya duba mutum ya kuma ceto shi daga haɗari, ko yana da kuɗi ko babu. Dokar ba ta ce kyauta ba ne, takardar kuɗi za ta biyo ka gida. In ta zo, ka nemi a rubuto maka abin da aka caje ka ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi ofishin kuɗi na asibitin tsarinsu na tallafa wa marasa hali, domin asibitocin da ba na neman riba ba doka ta tilasta musu su kasance da shi. Tun Janairun 2022 kuma an hana a ɗora wa mai inshora ƙarin kuɗi na ba-zata a kan aikin gaggawa don kawai likitan ba ya cikin jerin likitocin kamfaninsa. Kuɗin afendis da ya fashe ya fi na wanda aka cire da wuri yawa, saboda kwanakin gado. Jira ba ya rage bashi.

Me aka yi mini a ciki? 'Yan ƙananan huji uku kawai nake gani.

Wannan ita ce tiyatar laparoskofi, wadda wani likitan Jamus, Kurt Semm, ya fara cire afendis da ita a 1980 a garin Kiel. Bayan an sa ka barci, an hura maka iskar kabon a ciki domin bangon ciki ya ɗaga a samu wurin aiki. An zura kyamara ta hujin cibiya, an zura kayan aiki ta sauran biyun, an ɗaure gindin afendis da jijiyar da ke kai masa jini, an yanke, an fito da shi a cikin 'yar jaka. Idan bai fashe ba, sau da yawa a ranar ko washegari ake sallama. Idan ya fashe, ko akwai tabon wani aiki na baya da ya haɗe hanji, likita na iya yanka ciki kai tsaye, kuma za ka kwana da yawa ana ba ka maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya.

Abin da nake so ka gane shi ne hujin nan uku ba su tsaya a fata ba. Sun ratsa wani farin tantani mai ƙarfi da ke riƙe da naman ciki, shi ne ainihin abin da ke hana hanji turowa waje. Fata takan haɗe cikin mako guda ko kwana goma, shi kuwa tantanin yana ɗaukar makonni kafin ya dawo da ƙarfinsa. Kamar buhun hatsi ne da aka ɗinke bakinsa da sabon zare: a tsaye yake lafiya lau, sai an jefa shi a mota ake sanin ko ɗinkin ya kama. Mafi yawan matsalar masoya ƙwallo daga nan take farawa. Mutum ya duba madubi ya ga fata ta rufe, ya ɗauka ya warke.

Na ji an ce ana iya magance shi da ƙwayoyi ba tare da tiyata ba. Da na zaɓi haka, ai da ban rasa wasa ba.

Gaskiya ne ana yi, ga wanda nasa bai fashe ba. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Amurka, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna cewa cikin waɗanda aka fara ba magani kawai, kusan 3 cikin 10 sai da aka yi musu tiyatar kafin kwana 90 su cika, kuma abin ya fi yawa ga masu ɗan dutse a cikin afendis ɗin. Kwana 90 kusan kaka guda ce. A ganina wanda aka cire wa ya huta, ya san ranar da zai fara lissafi.

Me ya haɗa kafaɗata da aikin ciki? Ta fi hujin ciwo.

Ragowar iskar da aka hura ce take taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyar da ke wurin kuma asalinta daga wuya take, sai ƙwaƙwalwa ta ji ciwon a kafaɗa. Yakan wuce cikin kwana biyu zuwa uku. Maganinsa tafiya: ka tashi ka zaga ɗaki, ka fita baranda ka dawo, sau da yawa a yini.

To yaushe zan koma fili?

Wannan ita ce tambayar da kowa ke ɗauke da ita, wasu tun ba su gama farfaɗowa daga allurar barci ba. Asabar ta farko bayan tiyata a gida za ka yi ta, babu ciniki a wannan. Wanda aka yi wa laparoskofi kuma afendis ɗinsa bai fashe ba, mafi yawa sukan iya zuwa fili bayan mako biyu zuwa uku, in sun ga likita ya amince. Wanda aka yanka, ko wanda nasa ya fashe, ya sa mako huɗu zuwa shida a ransa.

Mutane sukan ce mini ai zama kawai za su yi. Duk wanda ya taɓa shiga waɗannan filaye ya san ba haka ba ne. Ɗauki filin jami'ar Michigan a Ann Arbor, mai ɗaukar mutum 107,601. Mota ba ta isa kusa, sai ka taka mai nisa. Galibin filin a cikin ƙasa aka haƙa shi, saboda haka matakala ce doguwa za ka sauka, ka kuma hau in za ka banɗaki. Wurin zaman benci ne mara majingina, an matse ku kafaɗa da kafaɗa. Zama a kan benci babu majingina, naman cikinka ne ke riƙe da kai tsawon sa'o'i. A filin jami'ar Texas A&M ɗalibai ba sa zama ma sam, a tsaye suke kallo daga farko har ƙarshe, al'adar da suke dangantawa da wani wasa na 1922. A Wisconsin, tun 1998, tsakanin rubu'i na uku da na huɗu ake sa kiɗa dukan fili ya tashi yana tsalle har ginin ya riƙa girgiza. Ga kuma abin da ba ka da iko a kai: gwiwar hannun maƙwabci a cikinka lokacin da aka ci maki, abokin da zai rungume ka ya ɗaga ka sama, turereniyar ƙofa, da ranar da aka kayar da babban abokin hamayya jama'a suka kwarara cikin fili.

Saboda haka in ka koma, ka bar ɓangaren ɗalibai a wasan farko. Ka nemi kujera mai majingina kusa da hanyar fita, ka shiga da wuri kafin cunkoso, ka fita ko dai kafin a tashi ko bayan mutane sun ragu. Ka tafi da wanda ya san halin da kake ciki. In watan Nuwamba ne a jihohin arewa, ka yi shiga mai kauri, domin rawar sanyi ma tana ɗaure naman ciki, amma ka guji bel ko wandon da zai danne cibiya.

Kaka tana da wasa 12 kafin a shiga wasannin ƙarshen shekara. Wanda ya haƙura da Asabar biyu yana da sauran. Wanda ya yi gaggawa ɗinkin ciki ya saki, ƙaba ta fito masa a cibiya, wata tiyatar ce ke jiransa da wasu makonnin na jinya. Na ga masu haƙuri sun je babban wasan ƙarshen Nuwamba da ƙafarsu, na kuma ga waɗanda suka kalle shi daga gadon asibiti karo na biyu.

A gida fa, gaban talabijin? Zan iya ihu?

Kallo ba laifi, yana ma ɗebe kewa. Ihu mai ƙarfi, da dariya, da tari, da atishawa, duk suna ƙara matsi a cikin ciki. Ka ajiye matashin kai a kan cinya, duk lokacin da ka ji abu na tasowa ka danna shi a hankali a kan hujin. Abin da ya fi ihu haɗari shi ne zabura, wato miƙewar da mutum ke yi bai shirya ba idan an jefa doguwar ƙwallo. Kujera mai tsayi da hannuwa ta fi lallausar kushin da ake nutsewa a ciki, domin tashi daga kushin sai da naman ciki. In a kwance kake, ka fara juyawa gefe, ka sauke ƙafafu, sannan ka tura da hannu.

Wasannin nan suna da yawan tsayawa saboda talla. Ka mai da kowane hutun rubu'i lokacin tafiya a cikin gida. Asabar takan fara da shirin safe na tashar wasanni ta ESPN ta ƙare da wasannin yammacin ƙasar bayan tsakar dare, kuma mai jinya bai kamata ya bi su duka ba. Ka zaɓi wasan ƙungiyarka, ka yi barci a sauran. Ga manya masu hawan jini ko ciwon zuciya ina ƙara jan kunne: a birnin Munich, lokacin gasar cin kofin duniya ta 2006, likitoci sun ƙirga cewa a ranakun da Jamus ke wasa, masu zuwa asibiti da bugun zuciya sun ninka fiye da sau biyu da rabi. Fargabar kallo aiki ce a jiki, ka sha magungunanka a kan lokaci.

Amma 'yan wasa suna dawowa fili cikin mako biyu. Me ya sa ni ba zan iya zuwa kallo kawai ba?

Akwai waɗanda suka yi, a gasar ƙwararru ta NFL. Matt Cassel na ƙungiyar Kansas City ya buga wasa kwana 11 bayan an cire masa afendis a Disambar 2010. Ben Roethlisberger an yi masa aiki a farkon Satumbar 2006, ya dawo bayan mako biyu, aka ci ƙungiyarsa 9 da nema a wannan daren. Joe Burrow, wanda ya ci wa jami'ar LSU ta jihar Louisiana kofin ƙasa a kakar 2019, nasa fashewa ya yi a ƙarshen Yulin 2022, ya rame, ya rasa makonni na atisaye, kuma a wasansa na farko a Satumba sau huɗu abokan hamayya suna cafke ƙwallon da ya jefa. Ba na cewa tiyatar ce kaɗai sanadi. Abin lura shi ne bambancin wanda nasa ya fashe da wanda bai fashe ba, ko a tsakanin masu ƙarfi irin waɗannan. Su kuma suna da likitoci da masu gashin jiki a kansu kullum, sun karɓi kasadar ne saboda sana'arsu ce. Kai ba ka da dalilin ɗaukar ta.

Walimar bakin fili fa? Me zan ci?

Ga wanda bai sani ba, tun safe magoya baya suke kafa rumfuna a wuraren ajiye motoci suna gasa nama. A jami'ar Mississippi wurin da suke taruwa ya shahara a duk ƙasar. Mu dama mun saba tambayar abin da ke kan wuta saboda naman alade, yanzu sai ka ƙara da tambayar mai da yaji.

Kwanakin farko hanji yana kasala saboda allurar barci da maganin ciwo. Ka fara da ruwa-ruwa: kunu, romon kaza mara yaji, shayi, farar shinkafa, ayaba, yogot. Idan iska ta fara fita kuma zuciya ba ta tashi, ka ƙara a hankali. Soyayyun fukafukan kaza masu yaji, da cuku mai yawa, da lemon kwalba mai gas, su jira mako guda ko fiye. Abin da ya fi damun mutane a makon farko taurin bayan gida ne, kuma yunƙuri a banɗaki yana matsa ɗinki fiye da ihu. Ka sha ruwa sosai, ka ci 'ya'yan itace da ganye, ka sha maganin tausasa bayan gida in an rubuta maka.

A wajen walimar, hannunka ba ya taɓa kular ƙanƙara, ko tukunyar gas, ko ƙarfen rumfa. Yawancin likitoci sukan hana ɗaga abin da ya wuce fam 10, kusan kilo huɗu da rabi, na mako biyu ko fiye bayan laparoskofi, mako huɗu zuwa shida bayan yanka. Galan ɗaya na madara ya kusa kai wannan nauyin. Jakar littattafai da kwamfuta ta wuce shi.

Magungunan ciwon nan, zan iya tuƙi da su?

In an ba ka mai ƙarfi irin su oksikodon, ba tuƙi, ba sa hannu a takarda mai muhimmanci, har sai ka daina sha. Bayan haka ma, ka gwada a mota tana tsaye: in za ka iya taka birki da ƙarfi farat ɗaya ba tare da ciki ya riƙe ka ba, to ka isa. Mutane da yawa farasitamol da ibufurofen sun ishe su daga kwana na biyu ko na uku. Farasitamol shi ne Tylenol a nan, kuma kada ya wuce miligiram 4,000 a kwana guda, likitoci da dama ma a 3,000 suke tsayawa. Ka duba takardar sauran magungunanka, domin irin su Percocet da Norco da magungunan mura suna ɗauke da shi a ciki. Ga wanda ke shan giya, ba a haɗa ta da waɗannan ƙwayoyi, ba a kuma haɗa ta da Flagyl. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ka shanye shi duka ko ka ji garau.

Ƙungiyarmu za ta je wasan waje, tafiyar sa'o'i shida a mota. In bi?

A makonni biyun farko ban ba da shawara ba. Bayan tiyata jini ya fi saurin daskarewa a jijiyoyin ƙafa, dogon zama kuma yana ƙara haɗarin. Sannan za ka yi nisa da likitan da ya san ka a daidai kwanakin da matsala ta fi bayyana. In lokaci ya ja kuma an amince maka, a riƙa tsayawa kowace sa'a ɗaya ko biyu kana takawa, wani ya tuƙa, wani ya ɗauki jakarka. Jirgin sama ma sai ka tambaya tukuna.

Waɗanne alamu ne za su sa in kashe talabijin in kira asibiti nan take?

Zazzaɓin da ya kai 38.3 a ma'aunin da muka saba, wato 101 a nasu. Ciwon ciki da ke ƙaruwa maimakon raguwa. Amai da ya ƙi tsayawa. Ciki ya kumbura ya yi tauri, iska ba ta fita. Huji ya yi ja yana faɗaɗa, ko yana zubar da mugunya. Fitsari ya ƙi fita. Sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. In kuwa ciwon ƙirji ne ko numfashi ya yi wuya, 911 za ka kira, ba ofishin likita ba.

Wanda nasa ya fashe ya ƙara sa ido daga kwana na biyar zuwa mako biyu. Mutum yakan fara samun sauƙi, sai zazzaɓi ya dawo, jiki ya mutu, wani lokaci da gudawa. Wannan na iya zama mugunya ce ta taru a wani lungu na ciki, ana ganinta a hoton CT a kuma zuƙe ta. Akwai likitan tiyata da ke kan aiki kowace Asabar, dare da rana. Kada ka ce bari a je hutun rabin lokaci, kada ka ce bari Litinin ta yi.

Salla fa, da wanka?

Addini ya sauƙaƙa. Imrana ɗan Husaini, Allah Ya ƙara masa yarda, ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da salla yana fama da rashin lafiya, aka ce masa ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Hadisin yana cikin Bukhari. Ruku'u da sujada da tasowa daga ƙasa su ne masu wahala a makon farko, saboda haka ka yi a kujera kana sunkuyar da kai, ka koma yadda ka saba idan ciwon ya bari. Alwala ba ta shafi wurin aikin ba. Wanka na tsaye yawanci ana yarda bayan kwana ɗaya ko biyu, ruwa ya bi ta kai, ba cuɗa, a tsane da tawul a hankali. Shiga kwamin wanka ko wurin iyo sai bayan mako biyu ko abin da likita ya ce. 'Yan filastocin da ke kan hujin su za su faɗi da kansu. Azumin nafila ka ɗage shi har ka gama shan magani.

Ya zan yi da tikitina?

Yanzu kusan duk a waya suke, ana tura wa wani ko a sayar ta manhajar ƙungiyar. Tikitin ɗalibai a jami'o'i da yawa yana haɗe da katin shaida, saboda haka ka karanta ƙa'idar makarantarku kafin ka ba wani, kada a soke maka na sauran kaka. Ka kira ofishin tikiti ka gaya musu an yi maka tiyata. Dokar kare haƙƙin masu lalura ta 1990 ta sa filayen suna da wuraren zama masu sauƙin isa, wasu kuma suna da ƙananan motocin ɗaukar masu rauni daga wurin ajiye mota, ana kuma hayar majinginar da ake maƙalawa a benci. Galibin filaye jaka mai nuna abin da ke ciki kawai suke bari a shiga da ita, amma akwai sassauci ga kayan magani in ka yi bayani a ƙofa.

Raina ya ɓaci sosai da na ga abokai sun tafi sun bar ni. Wannan ba wauta ba ce?

Ba wauta ba ce. Ga baƙo a ƙasar nan, filin wasa yakan zama wuri na farko da ya ji shi ma ɗan gari ne, wanda bai san shi ba ya tafa masa hannu saboda rigarsu launi ɗaya. Rasa wannan a daidai lokacin da jiki ba ƙarfi, iyaye kuma suna nesa, yana da zafi. Kasala da saurin ɓacin rai ma sun saba biyo tiyata na 'yan kwanaki. Ka faɗa wa abokai kai tsaye cewa kana son mutum ɗaya ko biyu su zo ku kalla tare. Mu mun san darajar dubiya, su ma suna da irin tasu: a jami'ar Iowa, tun 2017, idan rubu'in farko ya ƙare, kusan mutum 70,000 da 'yan wasan ɓangarorin biyu sukan juya su ɗaga wa yaran da ke kwance a asibitin da ke kallon filin hannu. In baƙin cikin ya wuce mako biyu, ko ya hana ka ci da barci, jami'arku tana da ofishin masu ba da shawara, ka je.

Ni mahaifiya ce a Kano. An yi wa ɗana wannan aiki a can, kuma na ji yana maganar zuwa kallon ƙwallo. Me zan yi?

Sannu Hajiya, Allah Ya ƙara masa lafiya. Ki kwantar da hankali, wannan na cikin tiyatar gaggawa da aka fi yi a duniya, kuma mutum yana rayuwarsa cikakkiya ba afendis. Asibiti ba zai ba ki bayani ta waya ba sai shi ya ba da izini, domin dokarsu ta ɗauke shi babba, saboda haka ki sa shi ya rubuta sunanki. In kin kira shi, ki tambaye shi ko yana takawa, ko yana cin abinci, ko ya yi bayan gida, ko akwai zazzaɓi, da ranar da zai koma ganin likita. Kada a ce ya gasa cikin da ruwan zafi, kada ya shafa zuma ko man zafi a hujin, jiƙe-jiƙe kuma su dakata saboda suna iya karo da magungunansa. Maganar ƙwallo, maimakon ki hana shi gaba ɗaya, ki karɓi alkawarinsa cewa ba zai je ba sai likita ya ce. Wasan da aka fara da ƙarfe 12 na rana a gabashin Amurka, ƙarfe 5 na yamma ne a Kano, ya koma 6 bayan sun sauya agogo a Nuwamba. Ki kira shi a wannan lokacin ki ji inda yake.

Na ji sauƙi sarai. Dole ne in koma ganin likita, kuma yaushe zan fara buga tawa ƙwallon?

Dole ne. Duk afendis da aka cire ana tura shi ɗakin gwaji a duba, kuma a kusan mutum 1 cikin 100 akan tarar da wani ƙari da ba a zata ba, wanda ke buƙatar a bi sawunsa. A wannan zuwan ne za a gaya maka sakamakon, a taɓa cibiya a ji ko ɗinkin ciki ya kama, a ba ka takardar komawa aji ko aiki. Ka je da tambayoyinka a rubuce, har da ranar wasan da kake son zuwa da irin wurin zamanka, domin amsar likita ta dogara da su.

Motsa jiki kuwa tafiya ce a makonni biyun farko, kana ƙara nisa kullum. Sassarfa da keke su biyo baya in an amince. Ɗaga ƙarfe, da atisayen naman ciki, da gasar ƙwallon da ɗalibai ke yi tsakaninsu, ko da mara karo ce, sai mako huɗu zuwa shida. In ka ga wani kumburi a cibiya da ke fitowa lokacin tari ya koma in ka kwanta, ka dakata ka nuna wa likita a wannan makon.